Gidan Verney na Claydon: Tuta, Bashi da Tarin Wasiƙu

 

An nemi in yi magana a kan ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen masu ƙasa na Ingila, ni kuwa na zaɓi gidan Verney, wanda tushensa ke wani ɗan ƙauye mai suna Middle Claydon a gundumar Buckinghamshire, arewa maso yamma da Landan. Akwai gidajen da suka fi shi dukiya da suna nesa ba kusa ba. Abin da ya tsayar da ni a kansa hali ne guda: mutanen gidan ba sa yar da takarda. Wasiƙar uba zuwa ga ɗa, ta mata zuwa ga miji, ta mai bin bashi, ta ƙanin da ke roƙon kuɗin riga daga kurkuku, duk an ɗaure an ajiye. Daga ƙarni na 17 kaɗai, wasiƙun da suka tsira sun haura 30,000. Saboda haka yau, bayan shekaru ɗari uku da ɗoriya, muna iya shiga har cikin ɗakunansu mu ji abin da ya hana su barci.

Kafin mu shiga, bari in ɗan share fage. A wancan zamani, irin waɗannan mutane suna ƙasa da manyan hakiman da ke zama a Majalisar Dattawa bisa gado, suna kuma sama da manomi da ɗan kasuwa. Arzikinsu gandu ne. Suna ba manoma hayar gonaki, suna karɓar kuɗin haya a ƙa'idajjun lokuta na shekara, daga cikinsu ake naɗa alƙalan sulhu na karkara, su ne kuma suka cika Majalisar Wakilai. Sai dai al'adarsu ta gado ta sha bamban da wadda muka saba. Mu an raba mana gado a Alƙur'ani, kowane magaji da rabonsa. Su kuwa ɗan fari namiji ke ɗauke gandu ɗungurungum, domin kada ƙasa ta gutsuttsure. Ƙanne sai su fita nema, wani soja, wani coci, wani fatauci. 'Ya mace kuma uba ke tara mata dukiyar da za ta shiga da ita gidan miji, in babu, auren ya yi wuya. Ku riƙe wannan, domin kusan duk labarin da zan ba ku daga nan ya tsiro.

Asalin arzikin gidan kasuwa ce. Wani Ralph Verney, attajirin tufafi, ya zama Magajin Garin Landan a 1465, shi ne kuma ya sayi ƙasar Middle Claydon a wajejen wannan lokaci. Zuriyarsa suka ba da ita haya mai dogon zango, sai a 1620 aka fanso ta, aka koma da zama can. Kuɗin fansar ya bar gidan da bashi, kuma bashin nan za ku yi ta jin sa yana bin su kamar inuwa.

Na fara da wanda labarinsa ya fi kusa da duniyar Musulmi, wato Sir Francis Verney, haifaffen 1584. Mahaifinsa ya sake aure, matar uban kuwa mace ce mai dabara. Ta sa aka yi doka ta musamman a majalisa wadda ta raba dukiyar tsakanin Francis da ɗanta Edmund, ta kuma sa aka ɗaura wa Francis aure da 'yarta da ta zo da ita agola, alhali yana ɗan shekara 14. Da ya girma ya kai ƙara majalisa a warware rabon, bai yi nasara ba. Zuciya ta ɗebe shi, ya sayar da abin da ya mallaka, ya bar matarsa, ya bar Ingila a 1608. Ya bi ta Maroko, daga baya ya shiga cikin 'yan fashin teku da ke fita daga gaɓar Aljeriya da Tunisiya, har jiragen 'yan ƙasarsa bai ƙyale ba. Labari ya iso Landan cewa ya musulunta, abin da ya girgiza mutane fiye da fashin kansa. Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Jiragen Sisili suka kama shi, ya yi shekara biyu yana tuƙin jirgi a matsayin bawa, ya mutu a wani asibitin masakai a birnin Messina ranar 6 ga Satumba 1615, yana da shekara 31. Wani ɗan kasuwa ya kawo kayansa gida, ciki har da rawani da takalma da riguna na alharini.

Ba zan ƙawata Francis don an ce ya naɗa rawani ba. Fashi fashi ne, ko da wace tuta aka yi shi. Abin da ya taɓa ni shi ne iyalinsa, waɗanda ya jawo wa abin kunya a idon jama'arsu, ba su ƙona kayan nan ba. Sun naɗe sun ajiye, sun kuma bar hotonsa a rataye.

Ƙaninsa Sir Edmund Verney, haifaffen 1590, shi ne wanda tarihin Ingila ya fi sani. Tun yana saurayi ya shiga hidimar gidan sarauta. Ya raka Yarima Charles zuwa Madrid a 1623 neman auren gimbiyar Sifaniya, da yariman ya hau gado ya zama Sarki Charles na Ɗaya, sai ya ba shi muƙamin mai kula da tsaro da da'a a kewayen fada a 1626. Amma Edmund mutum ne mai ra'ayin kansa a addini da siyasa. Bai yarda da ƙarfin da sarki ke ba manyan limaman coci ba, a majalisa kuma zuciyarsa tana wajen masu neman a rage wa sarki iko. Da rikici ya kai ga makami a 1642, sai ya tsinci kansa a tsaka mai wuya. Ya faɗa wa Edward Hyde, ɗaya daga cikin mashawartan sarki, cewa ba ya son dalilin yaƙin, ya fi so sarki ya sassauta, amma ya yi kusan shekara talatin yana cin arzikin ubangidansa, mutunci ba zai bar shi ya juya masa baya a ranar wuya ba. Ya kuma nuna cewa yana jin ba zai fita da rai ba.

Shi aka danƙa wa tutar sarki lokacin da aka kafa ta a Nottingham ranar 22 ga Agusta 1642. Wata biyu bayan haka, ranar 23 ga Oktoba, aka gwabza a Edgehill. An ruwaito cewa ya shiga fagen ba sulke. Aka rutsa da shi, ya ƙi sakin tutar, aka kashe shi a wurin. Ba a taɓa samun gawarsa ba. Abin da gidan ke faɗa kaka da kakanni shi ne an tsinci hannunsa a yanke yana damƙe da sandar tutar, an gane shi da zoben da ke ɗauke da ɗan hoton sarki. A wannan rana ɗansa na fari, Ralph, yana Landan a ɓangaren majalisa, wato ɓangaren da sojojinsa suka kashe mahaifinsa. Ƙanin Ralph, wanda ake kira Mun, yana cikin rundunar sarki, ya riga ya rubuto wa yayansa wasiƙa mai zafi yana nuna takaicin ganinsa a sahun masu yaƙar sarki da mahaifinsu. Wannan wasiƙa ma Ralph bai yaga ta ba.

A nan nake so mu ɗan zauna, domin a ganina Sir Ralph Verney da matarsa Mary su ne ginshiƙin gidan, ko da yake babu tuta a labarinsu. An haifi Ralph a 1613, mutum ne mai natsuwa da lissafi. Yakan zauna a majalisa yana rubuta abin da ake faɗa da fensir, rubutun da masana tarihi ke amfani da shi har yau. Yakan kuma ajiye kwafin amsar da ya ba kowa, shi ya sa muke jin zancen ta fuska biyu. A 1643 majalisa ta ƙulla yarjejeniya da mutanen Sikotilan don su taimaka mata a yaƙi, sharaɗin kuwa kowane ɗan majalisa ya yi rantsuwar goyon bayan sauya tsarin cocin Ingila. Ralph ya duba zuciyarsa ya ga ba zai iya wannan rantsuwa ba. Ya ƙi. Ya kwashi matarsa da biyu daga cikin 'ya'yansa suka tsallaka Faransa, suka zauna a Rouen, daga baya Blois. Mutanen sarki suna kallonsa a matsayin ɗan tawaye, majalisa kuma ta kore shi daga kujerarsa a 1645, ta ɗora hannu a kan gandunsa a 1646. Ga bashin uba, ga ƙanne mata da ke jiran ya haɗa musu dukiyar aure, ga kuɗin haya ya tsaya.

Ku lura da kamannin uba da ɗa. Ɗaya ya mutu a ɓangaren da bai gamsu da hujjarsa ba, don kada ya ci amana. Ɗayan ya rasa kujera da ƙasa don kada ya rantse a kan abin da bai yi imani da shi ba. Ni dai na fi ganin nauyin na biyun, domin shi babu wanda ya yi masa kirari, kuma azabarsa ta shekara goma ce.

Ralph ba zai iya taka Ingila ba tare da an kama shi ba, don haka Mary ce ta tafi. Sunanta na gida Mary Blacknall, marainiya ce mai gado daga garin Abingdon, an ɗaura musu aure a 1629 tana da shekara 13. A ƙarshen 1646 ta hau jirgin ruwa tana da juna biyu, ta sauka Landan, ta shiga bin ƙofofin 'yan majalisa da na matansu, tana jira, tana roƙo, tana miƙa kyautuka inda aka nuna sai da su. Kawun mijinta, likita William Denton, shi ya tsaya mata. Ita da Ralph suna musayar wasiƙu da sunayen ɓoye don gudun masu buɗe takardun mutane. Ta leƙa Claydon ta tarar sojoji sun sauka a gidan sun bar shi a lalace, ɓeraye sun ci katifu. Ta haihu a tsakiyar 1647, ta sa wa yaron sunan ubansa, ta ba da shi raino. Kafin shekarar ta ƙare jaririn ya rasu, 'yarsu Peg ma ta rasu a Faransa, labaran biyu suka iske ta kusan lokaci guda. Duk da haka ba ta bar abin da ya kawo ta ba. A watan Janairu 1648 aka ɗage hannu daga kan gandun. Ta koma wajen mijinta jiki ya riga ya karye, ta rasu a Blois a watan Mayu 1650, tana da shekara 34.

Ralph ya aika da gawarta aka binne a Claydon. Ya dawo gida a 1653, gwamnatin Cromwell, jagoran sojojin majalisa da ya riƙe ƙasar bayan an kawar da sarauta, ta tsare shi na wani lokaci a 1655, bayan komawar sarauta kuma aka ba shi muƙamin Sir irin na gado a 1661. Ya rayu har 1696, shekara 46 bayan Mary, bai sake aure ba. Ya kashe waɗannan shekaru yana dasa itatuwa, yana biyan bashi kaɗan-kaɗan. Iyayena mata da ke cikin wannan zaure, in ana lissafin jaruman gidan Verney a gabanku, ku ce a fara da Mary. Da ba ta yi wannan tafiya ba, da babu Claydon ɗin da za a gada.

Sauran 'yan'uwan Ralph zan bi ta kansu da sauri. Mun ya ci gaba da yi wa sarki yaƙi a Ailan, aka kashe shi a watan Satumba 1649 lokacin da sojojin Cromwell suka ci garin Drogheda suka yi kisan gilla. Tom kuwa albasa ce da ba ta yi halin ruwa ba. An tura shi Virginia, an tura shi Barbados, ko'ina ya dawo hannu rabbana, ya sha shiga kurkukun masu bashi, ya yi ta damun yayansa da roƙo. Shi ne ya fi su duka tsawon rai, sai a 1707 ya mutu yana da shekara casa'in da ɗoriya.

Wanda ya dawo wa gidan da kuɗi ƙaramin ɗa ne, John, haifaffen 1640. Da yake ba shi ne magaji ba, aka sa shi koyon fatauci, ya tafi birnin Halab na ƙasar Sham a 1662, a zamanin Daular Usmaniyya, ya yi shekara 12 yana sayar da tufafin ulu na Ingila yana sayen alharini. Ya dawo Landan ya bunƙasa. Yayansa da 'ya'yan yayan maza duk suka riga Sir Ralph rasuwa, gado ya faɗo kan John a 1696, a 1703 kuma aka ɗaga shi zuwa sahun hakimai da sarautar Fermanagh ta Ailan. Sai dai akwai tabo a wannan arziki, kuma ya shafe mu. John yana cikin masu hannun jari da masu gudanar da kamfanin Royal African Company, wanda aka ba izinin sarauta a 1672, babban cinikinsa kuwa kwasar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake na tsibiran Karebiyan. A 1689 aka yi wa wani yaro baƙar fata ɗan kimanin shekara shida baftisma a cocin Middle Claydon, aka sa masa suna Peregrine Tyam, an ce daga ƙasar Gini aka kawo shi, sunan da Turawa ke kiran gaɓar yankinmu da shi a lokacin. Yana nan a gefen hoton matar John ta biyu. Duk lokacin da na tuna da shi sai zuciyata ta yi nauyi. Yaro ne mai uwa da uba da harshe da sunan yanka, amma labarinsa ya iso mana ne ta alƙalamin iyayen gidansa. Wannan taskar da nake yabo ita ce kuma ta riƙe shaidar abin da aka yi masa.

Abin da Ralph ya tattala, John ya ninka, jikan John ya watsar. Shi ma Ralph ne sunansa, haifaffen 1714, mai sarautar Earl na biyu a gidan. Ba nisa da Claydon akwai katafaren gidan Stowe na dangin Temple da Grenville, abokan hamayyarsa a siyasar gunduma, shi kuwa ya ɗaura ɗamarar sai ya kamo su. Daga wajejen 1757 ya shiga gini. Ya ɗauko wani masassaƙi mai suna Luke Lightfoot, wanda ya yi sassaƙar katako mai ban mamaki, musamman a ɗakin da aka ƙawata da salon ƙasar Sin. Aka yi matakala da aka shimfiɗe da katako iri-iri da hauren giwa, aka ɗora babban zauren rawa da dogon soro mai ƙubba. Yana da hannun kyauta, shi ya ba Edmund Burke, shahararren masanin siyasar nan, kujerar Wendover a 1765. Amma kuɗin gini, da na zaɓe, da asarar da ya tafka a hannun jarin kamfanin Indiya ta Gabas sun haɗu sun durƙusar da shi. Aka yi gwanjon kayan gidan, shi kuma ya tsere Faransa don gudun masu bin bashi. Ya mutu a 1791 ba ɗa ba jika. 'Yar ɗan'uwansa Mary da ta gaje shi ta sa aka rushe kusan kashi biyu cikin uku na ginin, domin ba za a iya riƙe shi ba. Abin da masu ziyara ke gani yau reshe ɗaya ne da ya tsira.

Da rasuwar wannan Mary a 1810 jinin Verney na Claydon ya yanke. Gandu ya bi ta hannun 'yar'uwarta, ya faɗa ga wani dangi, Sir Harry Calvert, wanda ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na Verney a 1827. A wurinmu wannan baƙon abu ne, mu da muke kiran mutum da ubansa har kabari, amma a tsarinsu suna yana bin ƙasa. Sir Harry ya riƙe amanar sunan. Ya gyara gonaki, ya gina wa ma'aikata gidaje, ya taimaka aka kawo layin dogo yankin har aka sa wa wata tasha sunan Verney, ya yi shekaru masu yawa a majalisa. A 1858 ya auri Parthenope Nightingale, yayar Florence Nightingale, matar nan da ta gyara aikin jinya bayan yaƙin Kirimiya. Florence ta riƙa sauka a Claydon, tana da ɗakinta a can, Sir Harry kuma ya zama bakinta a majalisa kan lafiyar sojoji da tsabtar asibitoci.

Parthenope ce ta ɗauki nauyin ƙunshin takardun nan da ke jibge a saman gidan. Ba jininta ba ne, ba ma jinin mijinta ba ne, amma ta zauna tana warwarewa tana karantawa tana jerawa, alhali ciwon gaɓɓai ya nakasa mata hannuwa. Ta rasu a 1890 aikin bai fita ba. Matar ɗan mijinta, Margaret Verney, ta ɗora daga inda ta tsaya, tarihin gidan ya fito cikin juzu'i huɗu tsakanin 1892 da 1899. Duk abin da na ba ku na Mary da tafiyarta, da wasiƙar Mun, da roƙon Tom, ta hannun matan nan biyu ya yaɗu a duniya. A 1956 iyalan suka miƙa gidan ga hukumar National Trust mai adana wuraren tarihi, ana kuma ziyartarsa har yau.

Shugaba, ina da roƙo kafin in zauna. Da yawa daga cikinmu akwai adaka ko tsohuwar jakar fata a ɗakin kaka, cike da wasiƙun ajami, da takardun gona, da lissafin fatauci, da rasit na haraji, har da takardun da ke tona abin da dangi ba sa son a tuna. Gara da ɗigar ruwa ba sa jira. Wanda duk yake da irin wannan ajiya, ya buɗe ta kafin damina ta faɗi, ya kakkaɓe, ya ɗauki hoton kowace takarda, ya zauna da dattijon da ya san masu sunayen ya rubuta su tun yana raye, kuma don Allah kada ya ware masu ɗaci ya ƙona.